Yadda zaka shawo kan fargabar jarrabawa, musamman ku 'yan WAEC da NECO da JAMB

Na daɗe ina yi wa 'yan aji shida lesin da yamma, lissafi da kimiyya, a wani ɗan shago da muka mayar aji a unguwarmu, kuma duk shekara da watan Maris ya kama sai in ga yaran sun canja min. Wanda yake shigowa da tsokana yanzu sai ya shigo shiru ya samu lungu, wata ta rame kamar ta yi jinya, wani kuma faɗa kawai yake nema da kowa. Bara waccan akwai wata yarinya, wallahi tana cikin ukun farko a ajin, na aro kwamfuta na ce kowa zai yi gwaji na minti arba'in, ina tsaye a bayanta na ga hannunta yana rawa a kan mawus, tambayar farko irin wadda ita da kanta ta koya wa ƙawarta jiya ce amma ta zuba mata ido ta kasa taɓa komai, zufa har ta jiƙa gefen hijabinta, can ta juyo ido taf da hawaye ta ce min, Malam komai ya goge. Ba abin da ya goge, na ce ta tashi ta je ta yi alwala ta dawo, ta dawo ta zauna ta amsa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar na gane cewa rabin aikina ba koyar da darasi ba ne, koya wa yara yadda za su zauna da tsoron nan ne. Zan riƙa cewa ka, amma ƙanwata da ke ma nake.

Da farko ka san meye yake faruwa a jikinka, don rashin sani ya fi dare duhu. Faɗuwar gaba, bushewar baki, tafin hannu ya yi ta gumi, ciki ya murɗa ka ji kana son zagawa, duk wannan jikinka ne ya hango haɗari sai ya saki wasu sinadarai cikin jini, irin wanda zai sake in kare ya biyo ka, zuciya ta ƙara gudu numfashi ya dawo sama sama. Jiki bai san bambancin kare da takardar lissafi ba. In abin kaɗan ne ma taimako yake, shi ne yake tashin ka da asuba ka ɗauki littafi, amma in ya yi yawa sai ya toshe hanyar tuno abin da ka sani, shi ne zaka ji kamar an share allo. Karatun yana nan, ƙofar ce ta rufe na ɗan lokaci. Kuma ba alamar kai daƙiƙi ba ne, ni a ajina ma masu ƙoƙarin sun fi shan wannan wahalar saboda su aka fi sa wa ido.

Abin da na lura da shi shi ne mafi yawan tsoron nan tsoron baƙon abu ne. Yaro ya yi wata shida yana karatu amma bai taɓa zama ya yi jarrabawar ba ko sau ɗaya, to dole ranar ta zo masa kamar dodo. Maganinsa ka mayar da ita abin da ka saba. Ɗauki JAMB misali, tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa ukun 40 kowanne, maki 400 gaba ɗaya. In ka raba zaka ga kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi, kaga kenan wanda ya tsaya minti uku yana kokawa da tambaya ɗaya ya cinye rabon tambaya huɗu. Wannan lissafin ba a ranar jarrabawa ake gano shi ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu tsoffin tambayoyi na shekarun baya, ka saita agogo, ka zauna a kan kujera da tebur ba a kan katifa ba, ka ajiye waya a wani ɗakin, ka ce wa 'yan gida awa biyu kar a aike ni, ka yi ta daga farko har ƙarshe ba tashi. Karon farko zaka ji gabanka na faɗuwa ko da kai kaɗai ne a ɗakin, to haka ake so, gara ya faɗi a gida. Karo na biyar na shida zaka ji abin ya fara zama kamar cin tuwo.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yau akwai yaranmu da ranar jarrabawa ce ranar farko da suke zama gaban kwamfuta, musamman 'yan makarantun gwamnati da na karkara, wannan abin yana min ciwo sosai don yaro ya san amsa amma na'ura ce take firgita shi. In kai ne, don Allah ka nemi kafe ko wata senta ka biya kuɗin awa ɗaya ko biyu ka taɓa ta, ko ka roƙi wani yayanka a unguwa mai laftof. Ba wani ilimin kwamfuta ake buƙata ba, A B C D na zaɓen amsa, N ka matsa gaba, P ka koma baya, S ka miƙa in ka gama. Shi kenan. In kuma da hali ka yi rajistar gwajin da JAMB take yi kafin ainihin jarrabawar, don ka ga yadda ake layi, yadda ake ɗaukar hoton yatsa, yadda ɗakin yake, gani ya kori ji.

Yanzu yadda ake karatun kansa, don nan ne na fi so mu daɗe. Yawancinku abin da kuke kira karatu kallon littafi ne, a buɗe shafi a bi da ido, a ja layi da jan biro, a juya, a kai ƙarshe a ce na gama babi uku. Sai ranar jarrabawa ka ga tambaya ka ce wallahi na ga wannan, har na tuna gefen shafin da yake, amma amsar ta ƙi zuwa. Ai ganewa daban, tunowa daban. Mu da muka yi makarantar allo da islamiyya bai kamata ma a koya mana wannan ba. Ya ake hadda? Ka biya karatu, ka maimaita, sai ka kife allon ka kawo da ka, ka ci tuntuɓe ka leƙa ka gyara ka sake kifewa, da dare a yi tilawa, bayan kwana biyu a dawo baya a yi muraja'a, ba mahaddacin da ya haddace izu sittin da zuba wa allo ido. To boko ma haka take. Ka karanta shafi biyu, rufe littafin, ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, ko ka faɗa da baki kamar kana koya wa ƙaninka, sannan ka buɗe ka ga me ka bari. Zaka ji wahala, zaka ji kamar baka san komai ba, wannan wahalar ita ce karatun yake shiga. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus tun 1885 ya gwada ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma in ana waiwayar abin lokaci lokaci sai gudun mantuwar ya ragu. Saboda haka abin da ka karanta yau ka kawo shi da ka gobe, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan sati. Minti goma goma ya isa.

Alaƙar wannan da fargaba ita ce, wanda yake gwada kansa ya san iya abin da ya sani da wanda bai sani ba, tsoronsa yana da iyaka. Wanda yake kallon littafi kawai shi bai san inda yake ba, don haka komai tsoro yake ba shi. Ka samu ɗan littafi guda ka sa masa suna littafin kuskure, duk tambayar da ka faɗi a gwaji ka rubuta ta da amsarta da dalilin da ya sa ka faɗi, a satin ƙarshe wannan ɗan littafin ya fi maka duk manyan littattafan amfani.

Maganar jadawali kuma, kar ka zana wanda ko malaminka ba zai iya bi ba, awa sha huɗu a rana, sai ka bi shi kwana biyu ka karya rana ta uku ka fara zagin kanka, fargaba ta ƙaru. Mu Allah ya riga ya yanka mana yini da salloli, ka jingina karatunka da su. Bayan asuba gari da sanyi, gida shiru, kai a sake, nan zaka sa darasin da ya fi baka wuya, wanda kake gudu. Tsakanin azahar da la'asar a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40, ba wani karatun kirki da yake shiga, gara ka yi ƙailula ta minti ashirin ko talatin. Bayan la'asar tsoffin tambayoyi, bayan isha'i muraja'a mai sauƙi sai barci. Kowane zama kar ya wuce minti arba'in zuwa hamsin, ka tashi ka sha ruwa ka miƙe ƙafa ka dawo. Kuma taura biyu ba ta taunuwa, zama ɗaya darasi ɗaya. Ka samo manhajar jarrabawar, wato silabus, ka riƙa soke abin da ka gama da biro, ganin layukan da aka soke suna ƙaruwa shi kansa yana sanyaya zuciya.

Barci. Nan ne muke faɗa da samarin ajina duk shekara. Akwai wani yaro da ya sha alwashin ba zai rintsa ba daren Kemistiri, ya haɗa Nescafe mai kauri ya ƙara da goro biyu, ya kwana tsugune gaban tocila, da safe na gamu da shi a bakin titi idonsa jajir yana ta hamma yana ce min Malam na cinye littafin. Da yamma ya zo ya zauna a bencin ƙofar shago ya ce ya karanta tambaya ta biyu sau huɗu bai gane me ake so ba, kuma lissafin da ya iya ya sa alamar ragewa a inda ake tarawa. Ya san abin, kansa ne ya ƙi aiki. A cikin barci ƙwaƙwalwa take jera abin da aka koya da rana ta adana, in ka hana ta barci kamar ka yi ta ɗebo ruwa ne kana zubawa a kwando. Likitoci suna cewa mai shekarunku yana buƙatar awa 8 zuwa 10, na san da zafi da sauro da rashin wuta wannan da wuya, amma ka yi ƙoƙari kar ka gaza bakwai, musamman a daren jarrabawa. Shi kuma sinadarin da yake cikin kofi da goro da lemukan ƙara kuzarin nan yana daɗewa a jini, bayan awa biyar ma kusan rabinsa yana nan, kuma yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu, wato ainihin abin da kake gudu. In dole sai ka sha shayi ka sha da safe, daga la'asar ka bari.

Ƙwaya kuwa ko da wasa. Wani zai zo ya ce maka sha wannan zaka kwana kana karatu ba gajiya, tiramol ne ko wani abu da ba ka san sunansa ba, wallahi yara da yawa ta ƙofar jarrabawa suka shiga shaye shaye, jarrabawar ta wuce su kuma ba su fita ba. Ko maganin barci kar ka saya a kemis da kanka.

Ka ci abinci. Wasu in fargaba ta kama su sai su kasa ci, su tafi jarrabawa da ciki wayam, awa ɗaya da farawa jiri ya ɗebe su. Ko koko da ƙosai ne, ko shayi da burodi da ƙwai, ko ɗumame, ka sa wani abu a cikinka, abin da cikinka ya saba da shi, ba ranar gwada sabon abinci ko yaji mai yawa ba ce. Ruwa kuma ka sha sosai don a zafin nan ƙishirwa kaɗai tana kawo ciwon kai da kasala. Ƙanwata in kin lissafa kin ga al'adarki za ta faɗo cikin kwanakin jarrabawa, ki faɗa wa Umma ko Yaya tun da wuri a tanadi auduga da maganin ciwon mara, kar kunya ta sa ki zauna awa uku kina murƙususu.

Sai waya. Ba zan ce ka jefar da ita ba don a ciki wasu suke samun tsoffin tambayoyi, amma guruf guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji a lokacin jarrabawa masana'antar fargaba ce. Wannan ya turo wai an ce bana za a tsaurara, wancan ya ce shi ya gama manhaja sau uku, wani ya turo wai ga ainihin tambayoyin gobe a tura dubu biyu. Ka rufe sautin guruf ɗin har a gama. Ekspo da sentar da ake cewa ana taimako, ban da kasancewarsa ha'inci, shi ne babban mai hana barci, don ka jingina rayuwarka da abin da ba ka da tabbas zai zo, in ya zo ba ka san ko na gaske ba ne, in an kama senta a riƙe sakamakon kowa har da wanda bai ji ba bai gani ba. Na ga yaro da ya bar karatu sati biyu yana jiran a turo, aka turo na bogi. Wanda ya shiga da ɗan abin da ya sani a kansa ya fi shi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Wani nauyin kuma daga gida yake. Baba ya ci bashi ya biya kuɗin rajista, kullum ana tuna maka, ɗan gidan wane ya ci 300, ke kuma an ce in kika faɗi shi kenan karatu ya ƙare. Ga aikin gida, ga talla ko zaman shago. Wannan ba abin da zaka haɗiye kai kaɗai ba ne. Ka samu lokacin da Baba yake cikin nishaɗi, bayan ya ci abincin dare, ka durƙusa ka ce Baba ina neman alfarma, daga nan zuwa a gama jarrabawa a ɗauke min zaman shagon safe, zan rama in an gama. Ki ce Umma don Allah wankewanken safe a ba ƙanwata na wata biyu, ni zan riƙe na dare. In ba ka iya tunkarar su, ka bi ta wajen kawu ko gwaggo ko malamin islamiyyarku da suke jin maganarsa. Yawancin iyaye ba mugunta suke ba, su ma tsoro suke ji, kuma ba su san cewa yawan tunin yana ƙara rikita yaro ba. Iyaye da yayye da za su karanta wannan, don girman Allah ku daina kwatanta su da 'ya'yan maƙwabta, ku tambayi yaro ka ci abinci, ka yi barci, ku sa masa albarka da safe in zai fita, wannan kalmar ta Allah ya ba da sa'a daga bakin uwa tana yin aikin da lesin na wata guda ba ya yi.

Addu'a kuma ka riƙe ta da gaske, Rabbi zidni ilma, da addu'ar Annabi Musa ta Rabbishrah li sadri wa yassir li amri, ka yi sallarka a kan lokaci cikin natsuwa don ita kanta hutu ce ga zuciya, 'yan uwanmu Kirista ku ma ku riƙe taku. Amma a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Tawakkali na gaskiya yana sauke nauyi, ka yi iya yinka, sakamako ba a hannunka yake ba, to me zai hana ka barci.

Ana gobe jarrabawa kar ka buɗe sabon babi, abin da bai shiga a wata shida ba ba zai shiga a dare ɗaya ba, sai dai ya tsorata ka. Ka duba littafin kuskurenka, zuwa magariba ka rufe. Ka haɗa kayanka wuri ɗaya, silif ɗin da ka buga, katin shaida, fensir da biro biyu da rula da kayan lissafi in WAEC ce ko NECO, ka ware kuɗin mota. In JAMB ce ka karanta silif ɗin da kyau ka ga rana da lokaci da senta, in ba ka san wajen ba ka je ka gano shi tun kafin ranar, don wasu ana tura su wata unguwa mai nisa ko wani gari kuma a ce su zo da sassafe, ba abin da yake tayar da hankali kamar ka hau adaidaita kana tambayar hanya lokaci na tafiya. A JAMB waya da agogo da kalkuleta ba a shiga da su, akwai kalkuleta a jikin kwamfutar. 'Yan mata ku kiyayi lalle a yatsu daga lokacin rajista har a gama, hukumar JAMB da kanta ta sha gargaɗi cewa lalle yana hana na'ura gane yatsa, ko bikin wa ake yi a haƙura. In ka kwanta barci ya ƙi zuwa kar ka ɗauki waya, ka kwanta kawai ido a rufe, hutun ma wani abu ne, kuma dare ɗaya na barci kaɗan ba zai rushe ka ba in ka saba barci a sauran kwanakin.

A bakin ɗakin jarrabawa ka nisanci masu tambayar ka karanta kaza, ka karanta kaza. Ka koma gefe. In an zauna an raba takarda ka ji abin nan ya taso, kai ya ɗauki zafi komai ya ɓace, ga abin da zaka yi, ajiye biron, sa tafin ƙafarka biyu a ƙasa, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, sake shi a hankali ta baki kana ƙirga shida ko takwas, kamar kana hura koko mai zafi. Sau biyar ko shida. Fitar da numfashi a hankali shi ne yake gaya wa zuciya ta rage gudu, minti ɗaya kawai zai ci maka kuma ya fi ka yi minti goma kana zare ido. Amma ka fara gwada shi a gida tun yanzu, duk lokacin da zaka fara gwaji, don jiki ya saba. Daga nan ka karanta umarni sau biyu, yara da yawa suna faɗuwa ne don an ce amsa huɗu sun amsa uku, ko sun tsallake ta dole. Ka fara da tambayar da ka fi sani, amsa ɗaya biyu in suka fito sai ka ji ƙofar ta buɗe sauran sun biyo. Wadda ta ƙi ka wuce ta ka dawo daga baya. A JAMB ba a rage maki don ka zaɓi amsar da ba daidai ba, saboda haka kar ka bar ko ɗaya ba amsa, cire biyun da ka tabbatar ba su ba ne ka zaɓa cikin sauran. In kwamfutarka ta tsaya ko ta mutu kar ka yi ta danne danne, ɗaga hannu ka kira mai sa ido. Kuma kar ka damu da wanda ya tashi da wuri ko wanda ya nemi ƙarin takarda, ba ka san me ya rubuta ba.

In an fito kar ka tsaya a gindin bishiya ana me ka samu a lamba bakwai. WAEC da NECO makonni ake yi ana rubutawa, in ka bar takardar yau ta zauna maka a rai za ta cinye ta gobe. Ka tafi gida ka yi wanka ka ci abinci ka ɗan kwanta, ko ka je ka buga ƙwallo rabin awa, sannan ka fuskanci ta gaba.

Akwai kuma wani tsoro da yake ƙarƙashin duk waɗannan, wato in na faɗi fa. Gara mu kalle shi ido da ido. Abin da jami'o'i suke nema kiredit biyar ne har da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni, daga A1 zuwa C6, kuma mafi yawan kwasa kwasai suna karɓar zama biyu, wato ka haɗa WAEC da NECO, sai ƴan kaɗan irin likitanci da wasu jami'o'in suke cewa zama ɗaya. In darasi ɗaya ya maƙale akwai ta masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara. JAMB duk shekara ake yi, kuma a 2025 cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zauna mafi yawansu ba su kai 200 ba, don haka in makinka bai kai yadda kake so ba ba kai kaɗai ba ne kuma ba a kanka aka fara ba. Akwai IJMB da jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita wadda take kai mutum aji biyu kai tsaye, akwai makarantar share fage ta Funtuwa, akwai kwalejin CAS a Kano, akwai difloma da NCE da ake bi a shiga jami'a daga baya. Ka zauna da wani babba ka rubuta hanya ta biyu da ta uku a takarda tun kafin jarrabawa, ba don kana fatan faɗuwa ba, sai don zuciyar da ta san akwai wata ƙofar ba ta firgita kamar wadda take ganin bango. Ranar duba sakamako kuma kar ka duba kai kaɗai cikin dare, ka sa wani naka a kusa.

Amma akwai inda abin yake wuce fargabar jarrabawa ta yau da kullum, kuma ina so a ji wannan da kyau. In ka kai sati biyu ba barci ba cin abinci, kuka yana zuwa ba dalili, ko numfashi yana sarƙewa ƙirji ya riƙe ka ji kamar mutuwa zaka yi, ko ka fara jin gara ma ba ka duniyar, to wannan ba ragwanta ba ce ba kuma raunin imani ba, ciwo ne kuma yana da magani. Ka faɗa wa wani babba yau ɗin nan, Umma ko Baba ko Yaya ko malamin da ka yarda da shi, in na farko bai ɗauka da muhimmanci ba ka faɗa wa na biyu. A gidajenmu in yarinya ta faɗi tana haki sai a ce iska ce, a yi addu'a ba laifi amma a haɗa da asibiti. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, in duk sun yi nisa a fara da babban asibitin da yake kusa, likitan zai tura ku inda ya dace. In kuma abokinka ne ka ji yana irin waɗannan maganganun, kar ka ce wasa yake kuma kar ka rufa masa asiri, ka zauna da shi, ka kira wani babba a gidansu tun kafin ka bar wajen.